Muryar da ni kaɗai nake ji

Ina cikin mutanen da suka taɓa jin magana a ɗaki alhali babu mai yin ta. Da kunnena na ji ta, sarai, babu wani kokwanto. Na daɗe ina son ba da labarin nan, domin duk sanda aka ɗauko zancen mai gane-gane ko mai jin muryoyi sai in ga an sassauta murya ana haɗa ido, an riga an yanke wa mutum hukunci tun kafin a ji abin da ke damunsa. Ni na san abin daga ciki. Daga baya kuma na sake cin karo da shi a wajen mahaifina, da wata kama dabam wadda ba ta haɗa komai da tawa ba.

Bayan haihuwata ta fari abin ya same ni. Lafiya lau na sauka, mace na samu, babu tiyata babu wata tangarɗa. Barci ne ya fara gudu. Kowa ya san mai sabon jariri ba ta ƙoshi da barci, shi ya sa babu wanda abin ya ɗaga wa hankali. Amma nawa ya wuce haka. Ko yarinyar ta yi barci, ko an karɓe ta an ce in je in kwanta, idona biyu har gari ya waye, kuma ba na jin gajiya ko kaɗan. Wani irin ƙarfi nake ji a jikina. Tsakar dare in tashi in ninke kayan jariri, in warware, in sake ninkewa. Bakina ba ya shiru, ina barin wannan zance in kama wancan ban ƙarasa na farko ba. Maigidana ya ce, "Ke kuwa wannan murnar taki ba ta da ranar ƙarewa?" Muka yi dariya tare.

Kafin sati ya zagayo muryar ta zo. Ta mace ce, ba tsohuwa ba, ba yarinya ba, kuma ban san mai ita ba. Ta bayan kunnena na dama take fitowa, wajen taga. Da farko ma ba da ni take magana ba, labarina take bai wa wani: "Ga ta nan ta ɗauki yarinyar. Ta ajiye ta. Ko riƙo ba ta iya ba." Na waiwaya, na ɗaga labule, na leƙa bayan ƙofa, ba kowa. Yayata ce ta zo taya ni zama, don mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya. Na ce mata, "Yaya, wa ke magana a waje?" Ta saurara ta ce ita ba ta ji komai ba, ƙila rediyon maƙwabta ne.

Akwai abin da nake so a fahimta a nan, don shi mutane suka fi kuskurewa. Suna zaton tunani ne ya yi wa mutum yawa, ko zuciyarsa ce ke raya masa. Tunani kin san naki ne, a cikin kanki yake. Wannan kuwa yana da amo, yana da wurin da yake fitowa, yana katse ki kina tsaka da magana, wani lokaci har ya rufe muryar wanda ke gabanki. Likitata ta gaya mini daga baya cewa an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu jin muryoyi a daidai lokacin da suke jin su, aka ga sassan da ke kula da ji da magana suna aiki. Kenan ƙwaƙwalwar da kanta ce ke ƙirƙirar sautin, sannan ta kasa gane cewa nata ne. Don haka in ka ce wa mai wannan hali "babu komai, ka cire abin a ranka", ka ce masa ne ya ƙaryata kunnensa, kuma babu mai iya wannan.

Abin bai tsaya a kunne ba. Na fara jin ƙauri a jikin kayan yarinyar, irin na wayar lantarki in ta ƙone. Na sa aka wanke kayan, aka sake wankewa, ƙaurin yana nan. Muryar kuma ta sami abokiya, suka koma su biyu suna muhawara a kaina. Ɗaya ta ce nonona ya lalace, zai cutar da yarinyar. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, na daina shayarwa, ina ƙirƙiro dalilai in an tambaye ni. Likitoci suna bambanta abubuwan nan biyu: ji ko ganin abin da babu daban, ƙudurta abin da ba gaskiya ba har a kasa raba ka da shi daban. A wajena tare suka zo, ɗaya yana ƙarfafa ɗaya.

Daren da abin ya fito fili, Yaya ta farka ta tarar da ni tsaye a bakin ƙofa, yarinyar a kafaɗata, ba takalmi a ƙafata, ina kiciniyar buɗe makulli. Na ce mata gidan ya kama da wuta, an ce in fita da ita yanzu yanzu. Har gobe ina yi wa Yaya addu'a saboda abin da ta yi a wannan lokaci. Ba ta yi ihu ba, ba ta ce ƙarya nake ba, ba ta kuma ce ita ma tana ganin wutar ba. Cewa ta yi, "To ƙanwata, kawo ta in riƙe miki, ki sa takalminki tukuna." Na miƙa mata. Ta rungume yarinyar ta ja da baya kaɗan, ta kira maigidana da murya ƙasa-ƙasa, tana ta ja na da hira har ya fito da makullin mota.

Da labari ya isa ga dangi, kowa da fassararsa. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce hannu aka sa mini, wata ta ce gajiya ce kawai, a bar ni in huta kwana biyu. Maigidana ya rasa ta wa zai bi. Yaya ta ce masa, "Addu'a muna yi, kuma ba za mu fasa ba. Amma asibitin ma babu fashi, yau ɗin nan."

Abin da ya fara ba ni mamaki a asibiti, har ya ba ni haushi, shi ne ba su fara da zancen muryoyin ba. Zafin jikina suka auna, da hawan jini, suka ɗebi jini da fitsari, suka duba sukari da gishirin jini da aikin tayirod ɗin nan ta wuya. Suka bi magungunan da na sha tun daga naƙuda ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa likitar, "Ni ba jikina ke ciwo ba, magana ake yi mini." Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ce, "Na yarda kina jin magana. Amma jin murya ko ganin abin da babu alama ce, kamar zazzaɓi. Zazzaɓi yana gaya mana akwai matsala, ba ya gaya mana wace ce. Sai mun bincika."

Sai daga baya, da hankalina ya dawo, na gane faɗin wannan maganar. Mai jego da ƙwayar cuta ta shiga jininta tana iya ruɗewa ta yi gane-gane, haka ma wadda hawan jinin ciki ya kai ta ga jijjiga. Tsoho da ciwon mafitsara ya kama, ko ruwan jikinsa ya ƙare, ko aka yi masa tiyata, yana iya ɗimaucewa cikin kwana ɗaya, da rana ya ɗan dawo daidai, da dare ya riƙa ganin ƙwari a bango, kuma in an magance ciwon sai ya warware. Wanda ya saba shan barasa sosai ya yanke lokaci guda, bayan kwana biyu zuwa uku yana iya fara karkarwa da gane-gane, wannan kuma har kisa yana yi in ba a kai shi asibiti ba. Tabar wiwi da miyagun ƙwayoyi suna jawo shi. Wasu magungunan asibiti ma, irin su siteroyid in an ba da mai yawa, ko maganin cutar Parkinson, suna yi. Akwai farfaɗiyar da alamar zuwanta ita ce jin wani wari da babu shi, shi ya sa ƙaurin da na ambata ya sa suka ƙara yi mini tambayoyi. Duk waɗannan a fuska ɗaya suke bayyana, amma maganinsu ya sha bamban, kuma wanda aka bai wa na wani bai tsira ba.

Da gwaje-gwajen suka fito babu komai, sai ta koma kan muryoyin, kuma tambayoyinta babu kwana-kwana. Su nawa ne? Da ke suke magana ko a kanki? Suna ba ki umarni? Sun taɓa cewa ki cutar da kanki, ko ki cutar da yarinyar? Wannan ta ƙarshe ta tsaya mini a wuya. Tsorona kada in amsa a raba ni da 'yata har abada. Likitar ta lura, ta ce, "Ba don in hukunta ki nake tambaya ba. Murya mai ba da umarni ita muka fi sa wa ido, kuma da abin da kika faɗa zan san yadda zan kare ku ku biyun." Na gaya mata maganar nonon, da ta wutar, da wata da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita.

Sunan abin da ya same ni taɓin hankali na bayan haihuwa. Yana kama mace 1 zuwa 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu, kuma yawanci cikin makonni biyu na farko yake tashi. Ya bambanta da 'yar ƙuncin zuciya da saurin kukan nan da mata da yawa ke yi kwanaki kaɗan bayan haihuwa, wanda ke wucewa da kansa. Ya kuma bambanta da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Shi wannan na gaggawa ne, yana iya juyewa cikin sa'o'i. Kuma ba sabon abu ba ne a wajen likitoci: tun 1858 wani likita a Faransa, Louis-Victor Marcé, ya yi cikakken bayani a kan lalurar ƙwaƙwalwar masu ciki da masu jego. Maigidana ya kwana yana bincike a intanet, ya zo da safe idonsa jajir yana tambaya ko sikizofiriniya ce. Ita ce cutar da kowa ke fara tunawa in an ce jin muryoyi, kuma gaskiya ne yawancin masu ita suna jin su. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita da kusan mutum miliyan 24, wato kamar 1 cikin 300. Likitar ta ce masa tawa ba ita ba ce, kuma ko da ita ce, tana da magani, mutane suna rayuwa da ita suna aikinsu.

Aka kwantar da ni, aka sa ni a kan wani magani mai suna olanzafin. Abu na farko da ya dawo shi ne barci, mai nauyi, irin wanda na manta akwai shi. Muryoyin ba su tafi lokaci guda ba. Sun fara yin nisa, suka koma gunaguni da ba na rarrabe kalmominsa, sannan wata rana na lura tun safe ban ji su ba. Irin waɗannan magunguna suna rage tasirin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, kuma na farkonsu a 1952 aka fara amfani da shi a Faris, a hannun Jean Delay da Pierre Deniker. Nakan yi tunanin matan da abin ya sama kafin wannan shekara, da inda aka kai su. Ba zan ce maganin daɗi gare shi ba. Ya buɗe mini ciki, na yi ƙiba, da safe jikina a mace. Na yi ƙorafi, aka daidaita adadin, aka riƙa duba sukarina da nauyina. Duk wanda ya ce maka waɗannan magunguna ba su da illa bai sha su ba, amma ni na san abin da suka fitar da ni daga ciki.

Ba a cika faɗar abin da ke biyo bayan tafiyar muryoyin ba, alhali a wajena shi ya fi tsawo. Kunya ta rufe ni. Ina tuna wasu abubuwan da na faɗa, wasu kuma sai an ba ni labari. Na shiga baƙin ciki na watanni, ina ganin ban cancanci zama uwa ba. Wasu 'yan uwa, da kyakkyawar niyya, ba sa barina ni kaɗai da yarinyar ko da likita ta ce babu damuwa. In na yi fushi kan abin da kowa zai yi fushi a kai, sai a tambaye ni ko na sha maganina. Wannan tambayar ta fi allura ciwo. Zaman da na riƙa yi da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa shi ya taimaka mini na ɗinke da 'yata, na kuma daina kallon kaina a matsayin abin tsoro.

A cikin wannan lokaci ne Yaya ta faɗa mini wani abu da ta ɓoye shekara da shekaru. Ta ce bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta sha jin ta ƙwala mata kira da sunanta, har ta amsa. Ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta zare. Da na kai wa likitata zancen sai ta yi murmushi, ta ce wannan sananne ne. A 1971 wani likita a yankin Wels na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi maza da matan da abokan zamansu suka rasu, kusan rabinsu suka ce sun ji motsin mamacin, ko muryarsa, ko sun gan shi, kuma yawancinsu abin sanyaya musu rai ya yi. Haka nan mai lafiya garau yana iya jin an kira shi yana gab da barci, ko ya ga mutum tsaye a kansa lokacin da dannau ya danne shi. Abin da likita ke dubawa shi ne ko abin yana maimaituwa, ko yana tsorata mutum, ko yana hana shi barci da aiki, ko ya zo da ruɗewa, ko yana ba da umarni.

Shekaru suka shuɗe, idon Baba ya fara mutuwa. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gefen ganin ido ɗaya, ga yana ta rufe ɗayan. Sai na lura da wasu 'yan abubuwa. Yana tafiya a tsakar ɗaki sai ya kauce, ya zagaye wurin da babu komai. Yana zaune sai ya kafa wa bango ido yana bin wani abu da kallo. Ya rage hira, shi da ba a raba shi da barkwanci. Ƙannena suka fara raɗe-raɗin tsufa ne ya taɓa masa kai. Wata rana da muka rage mu biyu na matsa kusa da shi na ce, "Baba, akwai abin da kake gani ne wanda mu ba ma gani?"

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce babu kowa. Sai ya fara ba ni labari, a hankali, yana kallon ƙofa. Wasu 'yan ƙananan mutane yake gani, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, sanye da kaya masu launi, suna wucewa a jere ta gaban kujerarsa. Wani lokaci bangon gaba ɗaya ya cika da zane mai gida-gida. Wani lokaci furanni su tsiro a kan gadonsa. Ba sa magana, ba sa taɓa shi, kuma ya san sarai babu su. Ya ce, "Hankalina ɗaya, 'yar nan. Amma in na faɗa, wa zai yarda?" Watanni ya yi yana fama shi kaɗai.

Na kai shi wajen likitan idonsa, shi kuma ya haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa. Suka gwada tunaninsa da riƙe abu, saboda akwai nau'in cutar mantuwa da ke farawa da ganin mutane ko dabbobi. Suka bi magungunansa, suka duba jini da fitsari. Komai daidai. Abin da ke damun Baba ana kiransa lalurar Charles Bonnet, sunan wani masanin halittu na birnin Janiba wanda a 1760 ya rubuta yadda kakansa, Charles Lullin, da yana ta rufe wa ido, yake ganin mutane da tsuntsaye da kekunan doki, alhali hankalinsa cikakke. Idan ido ya daina aika wa ƙwaƙwalwa isasshen hoto, sashen gani ba ya zama haka nan, sai ya fara fito da nasa. Baba ya tambaya ko za a ɗora shi a kan irin maganina. Likitan ya ce a'a, ba ya bukata. Aka ce a ƙara masa haske a ɗaki, in abubuwan da yake gani sun bayyana ya ƙifta ido da sauri, ko ya juya ƙwayar idonsa dama da hagu, ko ya tashi ya canja wuri. Aka cire masa yanar ido ɗaya, suka ragu sosai. Amma ni a ganina jin cewa abin yana da suna, kuma ba shi kaɗai ba ne, ya fi komai yi masa aiki. Barkwancinsa ya dawo, har yakan ce a ba wa baƙinsa hanya.

Yanzu ina ɗauke da ciki na biyu. Na sani, kuma an gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa wadda abin ya taɓa samu tana cikin haɗarin ya dawo fiye da sauran mata. Tun kafin in ɗauki cikin muka zauna da likitar ƙwaƙwalwa da ta masu ciki muka tsara komai a rubuce: maganin da zan fara da zarar na sauka, wanda zai riƙa karɓar jaririn da dare don in sami barci, da lambar da za a kira ko ƙarfe nawa ne. Maigidana da Yaya kowa yana da kwafi. A saman takardar an jera alamomina na farko, da ni da su muka tuno su tare: rashin barci ba tare da gajiya ba, yawan surutu, da tambayar ko wani ya ji ana magana. Mun yi yarjejeniya cewa in suka ga biyu daga ciki za su kira likita ko da na ce lafiyata ƙalau, kuma ni da hannuna na sa wa wannan sharaɗi hannu.